Gyaran Muryar Malam

Wannan babin shi ne na fi daɗewa ina kewaye shi. Na rubuta muku ƙuruciyata, na rubuta zuwana gidan nan na Gwale da haihuwarku ɗaya bayan ɗaya, duk ban sha wuya ba. Amma duk ranar da na ce yau zan rubuta shekarar gem ɗin Nafisa, wasan nan na kwamfuta da ta ƙirƙira, sai in tuna akwai wake da ban tsince ba. To wake ya ƙare, kuma ƙarfina ba kamar da ba. Maganar nan ita ce ta shiga tsakanin ɗan farina, wanda kuka sani da Babangida don bakina ba ya faɗin sunansa na yanka, da autata Nafisa. Har yau in sun haɗu gaisuwa ce ta fatar baki, kowa na kallon bango. Shi yana cewa ita ta goge muryar mahaifinsu don neman yabon baƙi. Na faɗa masa da bakina ba haka aka yi ba, ya ce dama ni ba na ganin laifin Auta. Shi ya sa zan rubuta, don ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga abin, ban da ita wadda ake zargi.

Jikokin da ba su riski Malam sosai ba, ku san cewa kakanku mai sayar da turare ne a Kurmi, kuma mutum ne mai rowar magana. In ka tambaye shi yaya kasuwa, Alhamdulillahi ce amsar, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ba ya son hoto. Wanda muke da shi na fasfo ne na tafiya Makka, shi ma ya ɗaure fuska kamar an ci masa bashi. Da wayoyin nan suka zo, 'ya'ya suka koma turo saƙon murya, shi bai taɓa tura ko ɗaya ba. Zai saurara, ya kira, ya ce ya ji, Allah ya yi albarka, ya kashe. Don haka a duk duniya babu inda aka naɗi muryarsa. Amma yana da abu guda da kowa a lungunmu ya san shi da shi, wato gyaran murya. Kashi biyu yake yin ta, ta farko a ƙasa, ta biyu ta ɗan ɗaga. In ya dawo daga kasuwa ba ya faɗowa cikin gida. Zai tsaya a soro ya yi ta, ya jira. Kafin ya shigo an ɓoye ƙwallo, an rage rediyo, matan maƙwabta da ke hira sun ja mayafi, ni kuma na gyara ɗaurin ɗankwali ina yi kamar ban damu ba. Haka kuma in baƙo ya yi sallama ya tarar Malam na lazimi a ciki, ba zai katse ba, sai ya yi gyaran muryar. Ma'anarta an ji ka, dakata, ana zuwa. Duk ɗan cikin gari ya san wannan, ba a koya wa kowa shi da baki.

Nafisa ta yi karatun kwamfuta, ta gama, ta dawo gida tana jiran aiki. Ni abin da nake gani shi ne yarinya ta shige ɗaki tana latse-latse tun hantsi har la'asar. Na yi faɗa har na gaji. Sai ta fara abin da ya fi wannan ban haushi, tana bin gida da waya tana ɗaukar ƙarar abubuwa. Ta tsaya ƙarƙashin indararo ana sheƙa ruwa. Ta yi kwanton tattabarun maƙwabcinmu. Ta hana a zuba wa ƙyauren soro mai, wai kukansa take so. Wata rana ta sa ni daka turmi babu komai a ciki.

"Umma, ƙara ɗaya, a hankali."

"Ke Auta, in mutane suka leƙo suka gan ni ina dakan iska, me za su ce?"

"Za su ce Umma ta shiga gem."

A ranar na fara jin kalmar da kyau. Sannan ta nuna min abin a kwamfuta. Wata 'yar yarinya ce, baƙa wuluk kamar inuwa, ba ido ba baki, riƙe da fitilar ƙwai, tana tafiya a lungu bayan an ɗauke ruwa. Kai mai wasa kai ne kake tafiyar da ita. Ta tsallake kwata, ta tura turmi jikin katanga ta taka ta haye, ta bi ta kan azara tana tangaɗi, in ka yi gaggawa ta faɗo fitilar ta mutu ka sake daga baya. Wani wurin sai ka cika tulu da ruwan indararo, nauyinsa ya ɗaga maka tsani. Babu kiɗa, babu rubutu, babu mai magana. Ɗigar ruwa ce kawai da kukan tattabaru, da dakana can daga nesa. Na gane katangar gidan marigayiya Inna Yalwa da tsagewarta, na gane kwanar da ke fitar da mutum hanyar Kabuga. Lungunmu ne ta kwashe tas ta zuba a ciki, har da duhunsa. Sunan da ta sa wa abin ma ke nan, Lungu.

Abin da ya rage mata shi ne ƙofofi. Yarinyar tana wucewa ta cikin gidaje, kuma Nafisa ta ce ba ta yarda a shiga gidan mutane da tura ƙyaure ko neman makulli ba, kamar yadda ake yi a sauran wasanni. Tsarinta shi ne, in ka iso soro ka latsa sau ɗaya, yarinyar ta ƙwanƙwasa. Daga nan ka ɗauke hannunka gaba ɗaya. In ka sake latsawa ko ka motsa ta, jiran ya koma farko. In ka haƙura, sai a yi gyaran murya daga ciki, ƙyaure ya buɗe da kansa. Babangida ya zo hutu daga Kaduna inda yake aiki, ta sa shi ya gwada mata. Ya yi, muka kwashe da dariya, don ta fi kama da ta bunsuru. Ta gwada manyan yaran shagon babansu, ta gwada kawunta, babu wadda ta zauna. Kowa ya san wadda ake so, babu mai ƙarfin halin tambaya. Ita ce ta durƙusa gabansa wata safiya yana shan kunu.

"Baba, alfarma nake nema."

"Ina ji."

Ta yi bayani mai tsawo, yana juya ludayi. Ni ina gefe na riga na shirya mata rarrashi.

"Magana za ki ɗauka?"

"A'a Baba, gyaran murya kawai."

"To ai wannan ba magana ba ce. Aro na ba ki. Ranar da na nema ki dawo min da ita."

Ya ƙi yi a tsakar gida, ya ce a nan ba ta da dalili. Sai da ya sa takalmi, ya fita waje, ya dawo ya tsaya a soro kamar ya taso daga kasuwa, sannan ya yi. Sau ɗaya. Ni da ke ciki, na san wasa ake, amma sai da hannuna ya kai kan ɗankwali.

Da ta ɗora abin a intanet ban zaci kowa zai kula ba. Sai ga mutane. Ba dubun dubata ba, amma sun isa su ba ni mamaki, kuma daga garuruwan da ban san da zamansu ba. Ashe masu wasan nan ba sa yi su tashi, sai sun bar ra'ayi, su kuma ba da taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Karanta ra'ayoyin nan ya zama hirarmu ta bayan la'asar. A lokacin ƙafa ta fara hana Malam zuwa kasuwa kullum. Sai a shimfiɗa masa buzu a inuwar ɗakina, Nafisa ta zauna a bakin tabarma tana karantowa tana fassarawa. Wani ya ce bai taɓa ganin duhu mai kyau irin wannan ba, na ce Allah ya kawo shi unguwarmu ranar da aka ɗauke wuta ya ƙoshi. Wani ya ce tsallen yarinyar ya yi nauyi, na ce ya gwada tsalle da zani da fitila a hannu. Wata ta ce ta kashe fitilar ɗakinta ta sa abin kunne, ta ji kamar ruwan a kanta yake sauka. Wani kuma ya rubuta dogon bayani cewa yarinyar ta mutu ne, fatalwarta ce ke neman gida, kuma dakan da ake ji bugun zuciyar uwarta ne. Na ce a gaya masa turmi ne, kuma babu ko tsaba a ciki. Malam ba ya cewa komai, amma na san shi, in abu ya yi masa daɗi gemunsa yake shafawa, kuma a watannin nan gemun ya sha shafa.

Wani Bakano da ke zaune a Jidda ya rubuto da Hausa. Ya ce da ya iso ƙofar farko ya ƙwanƙwasa, hannunsa da kansa ya sauka daga wayar, bai san ya yi ba. Da ya ji gyaran muryar sai ya amsa da ƙarfi, shi kaɗai a ɗaki. Wannan Nafisa ta karanta ta fi sau nawa. Babangida ma ya kira ta a gabana, ya ce in aiki ya ishe shi a ofis, buɗe gem ɗin yake ya tsaya a ƙofar nan don kawai ya ji Baba.

"Duk abin da za ki gyara ki gyara," in ji shi, "amma kar ki taɓa ƙofar nan. Ita ce gem ɗin."

Ya faɗi haka ne don shi yana ganin abin da mu ba a karanta mana. Ashe a kan kowane mai yabo akwai masu tsaki da yawa, kuma duk a kan ƙofar. Mutanen ba su san ana jira ba. Za su ƙwanƙwasa, su ga shiru, su yi ta latsawa, jiran yana komawa farko, har su yanke cewa abin ya lalace. Tauraro ɗaya, su tafi. Wasu 'yan ƙasar nan ne, suna cewa an cinye musu data a banza. Waɗanda suka dace ƙofar ta buɗe musu ma ba duka suka gode ba, akwai wanda ya ce tarin wani tsoho marar lafiya ya tsorata shi, a cire. Nafisa ta daina cin abinci sosai. In tana karatu sai in ga yatsanta yana gudu a kan wayar kafin ta tsaya a wani wuri. Na gani ban gane ba. Malam ne ya gane.

Ranar, Babangida yana Kaduna. Mu uku ne a tsakar gida, hadari ya haɗo gabas amma bai sauko ba. Ina tsinke zogale. Nafisa ta karanta wani yabo a kan tattabaru, yatsanta ya sake gudu.

"Koma baya," in ji Malam. "Karanta waɗanda kike tsallakewa."

"Baba, ba su da amfani."

"Ai ba ke za ki auna min ba."

Ta karanta. Ɗaya, biyu, har na tarin tsoho. A wannan ya yi murmushi, ya ce ashe ya zama dodo bai sani ba. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da manyan unguwa ke miƙewa in sun ji tafiyarsa, wai shi wani can da ko wanke ido bai yi ba yake kira tsoho mai tari. Sannan ya tambaya ko akwai wanda ya yi magana da baki, don ya ji ana cewa wasu bidiyo suke yi. Akwai. Wani saurayi ne ɗan Kano ɗin nan, daga harshensa ka san bai wuce bayan ganuwa ba, irin masu ɗaukar kansu suna wasa suna surutu. Bidiyon dogo ne, Nafisa ta ce ita ma ba ta iya kallonsa har ƙarshe ba. Ta kunna daga inda ya iso soro. Fuskarsa na wani ɗan lungu na hoton, yarinyar da fitilarta na tsaye a bakin ƙyaure.

"Jama'a ku gani fa! Na ƙwanƙwasa, na yi tsalle, na koma baya na dawo, ba abin da ban yi ba. Wallahi gem ɗin nan ya maƙale. Haba! Wace irin ƙofa ce wannan? Mutanen gidan mutuwa suka yi ne? Ku buɗe mana, dan Allah!"

Yana faɗa yana dukan wayar da yatsa, gumi na keto masa. Malam ya ɗaga hannu.

"Kashe. Ya isa."

Ta kashe. Ya juyo gare ta.

"Yaron nan a ƙofata yake tsaye?"

"Ƙofar gem ce, Baba."

"Muryar wa ke bayanta?"

"Taka."

"To ƙofata ce. Kuma duk waɗancan da kika karanta, haka suka tsaya suka gaji suka juya?"

Ta ce eh. Ta yi saurin cewa za ta iya sa rubutu a ƙasa, a ce wa mutum ya jira. Ya girgiza kai. Ya ce wanda sai an rubuta masa tsaya kafin ya tsaya, layi yake bi, ba gida ya zo ba, kuma shi bai ba da muryarsa don a yi layi ba.

"Tun da na gaji gidan nan," in ji shi, "ban taɓa barin baƙo a soro har ya yi fushi ya tafi ba. Wanda ya san al'adarmu ya jira, madalla. Wanda bai sani ba, ni ke fita in shigo da shi. Yanzu kin sa ina kwance a nan, mutane na juyawa daga ƙofata ban sani ba. Buɗe musu, Nafisa. Kowa ya ƙwanƙwasa a buɗe."

"To Baba, in bar muryar, ƙofar ta riƙa buɗewa nan take."

"In ba jira, me gyaran murya zai yi? Aro na ba ki. Yau na nema."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da na ji daga bakinsa a shekarar. Nafisa ta juyo ta dube ni, idonta ya cika. Ta san duk gidan nan ni kaɗai ke ja da Malam in kwana lafiya. Amma a ranar ni da shi bakinmu ɗaya, ko da yake dalilinmu ya bambanta. Shi kunyar baƙi yake ji, ni kuma kishi nake, ba na son muryar mijina a kunnen waɗanda ba su san darajarta ba. Kuma wa zai kawo wa ransa cewa abin da yake ji kullum safe da yamma zai zama abin nema? Na ce ta yi abin da babanta ya ce. Ta ɗauko kwamfutar, a gabansa ta cire, ta goge ta cikin gem, ta goge ta ajiya, ta goge ta cikin wayar da aka ɗauka da ita, yana tambaya ko akwai saura tana cewa babu. Ba ta ɓoye ko ɗaya ba, don ba a haife ta da yi wa babanta ƙarya ba. Da ta gama ta shige ɗaki. Ruwan ya sauko, na kwashe zogalena.

Bayan gyaran, taurari suka hau. Masu tsaki suka koma yabo, wai yanzu abin na tafiya sumul. Nafisa ta daina karanta mana, mu ma ba mu tambaya ba. Ɗaya kawai ta nuna min a ɗaki, wata mata ce daga wata ƙasa mai sanyi. Ta ce ta dawo ne don ta sake tsayawa a ƙofar nan, don a duk wasannin da ta yi a rayuwarta nan ne kaɗai aka nemi ta yi haƙuri maimakon sauri, sai ta tarar ƙyaure na buɗewa kamar na kanti. Ta tambaya ina tsohon ya tafi.

Bayan damina, ciwon da ya fara daga ƙafa ya hau sama. Bai daɗe a kwance ba. Allah ya karɓi abinsa da hantsi, ran wata Alhamis, kansa a cinyata. Allah ya jiƙansa, ya sa ƙarshen wahalarsa ke nan.

Ana cikin zaman makoki, da mutane suka ɗan ragu, Babangida ya keɓe a soro ya buɗe gem ɗin. Ya daɗe bai buɗe ba saboda jinya da zirga-zirga, bai san wayarsa ta sabunta shi da kanta ba. Ya kai yarinyar bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa, ya ɗauke hannu don ya ji babansa. Ƙyaure ya buɗe shiru. Na ji shigowarsa tun daga ɗakin da nake takaba, babu sallama babu komai.

"Nafisa! Ina Baba? Ina kika kai shi?"

Ta faɗa masa. Ya ce ƙarya ne, taurari ta sayar da shi a kansu. Na ɗaga murya daga ɗaki na ce Malam ne ya sa, ni shaida ce. Ya ce Umma, ko kisa Auta ta yi za ki ce tsautsayi ne. A gaban baƙi ya faɗa, ya fita. Ban riƙe shi da wannan ba, na san zafin da ke cinsa, don irinsa ke cina. Gidan ya yi min shiru irin wanda ban taɓa sani ba. La'asar ta yi, kunnena ya tafi soro da kansa, ya dawo ba komai.

Nafisa ta shiga nema. Ta rubuta wa duk wanda ya taɓa barin ra'ayi, ko akwai mai tsohon gem ɗin. Na kowa ya sabunta, har na mutumin Jidda, wanda ya kira ya yi mana ta'aziyya yana kuka. Ta bi bidiyoyin da aka yi, 'yan kaɗan ne dama. Wasu sun yanke wurin jiran don kada masu kallo su gaji, wasu sun ɗora kiɗa a kai. Ta kai kwamfutar wurin masu gyara, suka ce an riga an rubuta wasu abubuwa a gurbin. Sai da komai ya ƙare ta koma kan bidiyon saurayin nan, wanda ta rantse ba za ta sake buɗewa ba. Ta shigo ɗakina da rana tsaka, ta zauna a ƙasa, ta ce Umma kalli, daga inda Baba ya ce a kashe.

Yana nan yadda muka bar shi, yana masifa. Ya ƙara kaɗan, sannan ya yi jifa da wayar kan katifa, ya harɗe hannu, ya juyo yana gaya wa masu kallo cewa shi ya gama, kada kowa ya ɓata datarsa. Hannunsa ya bar wayar ke nan, bai sani ba. Yana tsakiyar magana, sai ga ta. Kashin farko ya shige ƙarƙashin surutunsa, da ƙyar ake jin gefensa. Sai ya tsaya jan numfashi, kashi na biyu ya fito fes, wanda ke ɗan ɗagawa. Ƙyaure ya yi kukansa ya buɗe. Yaron ya juya yana kallon wayar.

"Au," ya ce a hankali. "Ashe jira ake."

Ya gyara zama, ya cire hular da ya juya baya.

"Jama'a ku yafe ni, ni ne ban da tarbiyya. Wallahi haka kakana yake yi. Sak. Kai, wanda ya yi gem ɗin nan ɗan gida ne."

Ya ƙarasa wasan har ƙarshe, kuma a sauran ƙofofin da kansa yake sallama da baki, sai dai don zumuɗi yana ta ba masu kallo labarin kakansa a kan muryar, ba a jin komai. A ƙarshe ya ba da taurari biyar. Tsakanin inda Malam ya ɗaga hannu da inda ƙofar ta buɗe, ko tsinke reshe ɗaya na zogale ba zan gama ba. Baƙon da Malam ya ji kunyarsa bai juya ba, an buɗe masa, ya shiga, ya gode. Malam ya tafi bai sani ba. Wannan ne abin da ke ci min rai har gobe, fiye da gogewar ma. Na yi kuka a ranar irin wanda ban yi ba ranar rasuwar.

Nafisa ta nemo yaron, ya zo har gida da ledar lemo, ya durƙusa a soro ya ƙi shigowa sai da na aika sau biyu. Ya ce in ana so zai sauke bidiyon saboda zagin da ke ciki. Na ce kul. Ta gwada raba muryar da surutunsa da na'urorinta, abin da ya fito ba Malam ba ne, na ce ta bar min shi yadda yake. Ta sa min bidiyon a wayata, ta nuna min inda zan latsa. Yanzu na haddace masifar yaron nan kaf, har inda yake cewa mutanen gidan mutuwa suka yi ne. Kullum bayan la'asar nake kunnawa. Ta tura wa yayanta shi tun a lokacin, alamar wayar ta nuna har yau bai buɗe ba.

To Babangida, ga yadda aka yi, ban ƙara ba ban rage ba. Ƙanwarka umarni ta bi, kuma ta fi ka asara, don da hannunta aka sa ta yi. Ban ce ka ba ta haƙuri a gabana ba, wannan tsakaninku ne. Abin da nake so, in ka zo Kano ka shigo da la'asar, ka zauna kusa da ni a inuwar ɗakin nan, ita ma zan kira ta. Zan kunna. Za ka ji wani yaro yana ta zage-zage a ƙofar gidanku, ranka zai ɓaci, za ka so ka kai hannu ka matsar da shi gaba. Kada ka taɓa. Ka ɗora hannunka a cinya ka bari ya gama, babanku na nan bayan ƙofar.